Martani: Ƙaramar Kyamara Ba Ta Jure Ƙurar Sayam Forage

Ƙaramar kyamarar aljihu, wadda ake fito da ita a danna ta ɗauki hoto ba tare da an saita mata komai ba, ita ce matakin farko a jerin kyamarorin zamani. Sanannu a cikin irinta su ne Sony W800 da ta fito a 2014, da Nikon Coolpix A10 ta 2016, da Canon IXUS 185 ta 2017. Ƙirarsu kusan ɗaya ce: nauyi tsakanin giram 120 da 160, allo mai inci 2.7 a baya, ƴar fitilar walƙiya a gaba, da ido mai fitowa idan an kunna, ya koma ciki idan an kashe. Lokacin da W800 ta shiga kasuwa kuɗinta bai kai dalar Amurka 100 ba. An ƙera su ne domin bukukuwan gida da yawon shaƙatawa, a ƙasashen da ba a share ɗaki da safe a sake share shi kafin azahar.

Kwanan baya wani marubuci ya yi kira da a sayo irin wannan kyamara a rarraba wa malaman makaranta, da matasa masu aikin sa-kai, da shugabannin ƙungiyoyin mata a sansanin Sayam Forage, har ma da manoman tattasai na bakin kogin Komadugu, domin su riƙa ɗaukar hotunan ayyukansu. A ganinsa jikinta ya fi na wayar hannu ƙwari, tunda ba ta da faffaɗan gilashin da zai fashe da zarar ta faɗi. Ya ce megafiksel 20 da ido mai jawo abu daga nesa sun fi ƙarfin ƙaramar waya. Ya yaba batirinta da ake cirewa a canja, musamman mai amfani da batir irin na tocila. Ya ƙara da cewa tana da araha, in ta lalace a sayi wata, kuma tunda ba ta hawa intanet, hotunan ƴan gudun hijira ba za su watsu a duniya ba. Niyyarsa mai kyau ce, kuma ba duk abin da ya faɗa ne ba shi da tushe ba. Sai dai ya auna kyamarar a tafin hannunsa ne, bai auna ta da wurin da yake son a kai ta ba.

Sayam Forage sansani ne da gwamnatin Nijar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira suka buɗe a watan Disamba na 2014, domin mutanen da suka tsere daga arewacin jihar Borno bayan Boko Haram ta kama garuruwa irin su Malam Fatori da Damasak. Da gangan aka kafa shi nesa da kogi da bakin iyaka, a cikin fili mai rairayi da ƙarancin inuwa, tafiyar kilomita gommai daga garin Diffa. Abin da ke jiran kowace na'ura a can shi ne ƙura, da zafi, da ƙarancin wutar lantarki, da nisan mai gyara. Da waɗannan ya kamata a gwada maganar ƙwari.

A fara da ƙura, domin ita ce babbar shari'ar. A arewacin Cadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki mai girman gaske, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Iskar hunturu tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi garin wannan kwari ta nufo kudu maso yamma, kuma jihar Diffa tana kan hanyarta. Garin nan fari ne, mai laushi ƙwarai, ya samo asali daga ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa, kuma sinadarinsa ɗaya ne da na yashi da gilashi. Laushinsa yana sa ya shiga inda ido bai ga kafa ba, taurinsa kuma yana sa ya ci duk abin da ya goga. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hazo ne. Kafin damina ta sauka kuma sai iskar hadari ta ɗaga rairayin wurin da kansa.

Yanzu a dubi idon kyamarar. Bututu ne biyu ko uku na roba, ɗaya cikin ɗaya, masu zamewa a kan siraran hanyoyi da aka shafa wa maiko. Wani ɗan inji ne ke tura su ta hanyar haƙoran roba ƙanana. Duk lokacin da aka kunna kyamarar ido ya fito, sararin da ke cikinta yana ƙaruwa, sai ta zuƙi iskar waje kamar zugazugin maƙera. In an kashe ta, ta fesar da iskar, amma ƙurar ta tsaya a jikin maiko. Ba a sa wa wannan bututu robar toshiya ko ɗaya ba. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta tokare haƙoran, ido ya maƙale rabi a waje, allo ya nuna saƙon matsala. Masu tsofaffin kyamarorin Canon sun san wannan da lambar E18. Kyamarar Sony kuwa sai ta ce a kashe a sake kunnawa, a yi ta yi ba ta sake komawa daidai ba. Ƴan marafan da ke rufe gaban idon su ma sukan cije, su buɗe rabi, hoto ya fito da baƙi a kusurwa. Ƙurar da ta wuce ciki ta sauka a kan sensa, wato ɗan allon da haske ke faɗawa a kai, ta zauna ke nan, domin idon wannan kyamara ba ya ciruwa balle a share bayansa. Daga ranar, kowane hoton sararin sama zai fito da tabo a wuri ɗaya.

Akwai ma'aunin duniya na kariya daga ƙura da ruwa, wanda ake rubutawa da haruffan IP da lambobi biyu; lambar farko in ta kai 6, ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Babu ko ɗaya cikin kyamarorin nan uku da ke ɗauke da wannan shaida. Littafin umarnin da ke zuwa cikin kwalin kyamarar Sony ma yana gargaɗin a kiyaye ta daga wurare masu rairayi da ƙura, yana cewa lalacewar da za su jawo wani lokaci ba ta gyaruwa. To ina ne wuri mai rairayi da ƙura in ba Sayam Forage ba? Marubucin ya yi wa kyamarar kirarin da kamfanin da ya ƙera ta bai yi ƙarfin halin yi mata ba.

Sauran jikin ma ba shi da abin a zo a gani. Wasu samfuran suna da ɗan siririn ƙarfe a fuska, wanda ke sa a ji su da sanyi da nauyi a hannu, kuma wataƙila nan ne ra'ayin ƙwari ya samo asali. Amma na'ura ba ta mutuwa ta fuskarta. Marfin batir yana rataye ne a kan ɗan maƙalin roba, wanda in ya karye sai a koma ɗaure kyamarar da kyauro. Ramin da ake ɗaura ta a kan sanda shi ma galibi na roba ne. Gaskiya ne wayar da ta faɗi a kan dutse gilashinta kan fashe, amma sau da yawa tana ci gaba da aiki da tsagaggen gilashin, kuma a canja shi a kasuwar Diffa. Kyamarar da ta faɗi idonta a waje, ko a kan rairayi mai taushi ne, bututun kan goce daga hanyarsa. Wanne ne mai ƙwari a cikinsu: wanda ke jin ciwo ya warke, ko wanda ke faɗuwa sau ɗaya a yi jana'izarsa?

A maganar zafi babu wanda ya yi nasara. Kamfanonin kyamarar sun rubuta cewa a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 da 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Diffa yakan haura 40, cikin tanti ko cikin mota a rufe kuwa ya fi haka. Wayoyi ma ba su tsira ba. Kamfanin Apple iyakar digiri 35 ya rubuta wa nasa. Zafi yana tsufar da batirin lithium ko a cikin me yake. Bambancin yana wurin abin da ke biyo baya, wato inda za a samo sabo.

Sai batun megafiksel 20, adadin da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwalin Sony da na Canon. Sensar da ke cikin waɗannan kyamarori tsawonta kimanin milimita 6.2 ne, faɗinta 4.6, wato kusan kashi ɗaya cikin 30 na girman sensar manyan kyamarorin ƙwararru. In aka cusa ɗigo miliyan 20 a wannan ɗan fili, kowane ɗigo ba ya wuce ɗaya da ɗan kai cikin dubu na milimita, kuma hasken da yake kamawa kaɗan ne. Yawan ɗigo yana ƙara nauyin fayil, ba ya ƙara tsabtar hoto. Kamfanin Olympus ya nuna haka a aikace a 2017, lokacin da ya fitar da TG-5 ya rage mata ɗigo daga miliyan 16 zuwa 12 a kan sensa mai irin wannan girman, domin hoton cikin duhu ya gyaru. Sensar ƙananan wayoyi ita ma ƙarama ce, wata ma ta fi wannan ƙanƙanta. Amma idon waya ya fi buɗewa ga haske, kuma wayoyi da yawa na yanzu suna ɗaukar hotuna da dama a dannawa ɗaya su haɗa su, abin da tsohuwar sensar CCD da ke cikin kyamarorin nan ba a yi ta domin shi ba.

Amfanin wannan dabara ta waya yana bayyana da tsakar rana a sansanin. Rairayi fari ne, tampol fari ne, rana tana bisa kai, mutanen da ake son ɗauka kuma baƙaƙe ne, suna zaune a ƙarƙashin rumfa. Ƙaramar kyamara dole ta zaɓi ɗaya: ko ta bi hasken waje fuskoki su koma inuwa, ko ta bi fuskoki bayansu ya ƙone fari fat. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya gina wani ɓangare na kasuwarsa a Afirka a kan daidaita kyamarar waya da baƙar fata. Wa ya yi wa W800 wannan aikin? Cikin aji ko cikin tanti kuwa, walƙiyarta ba ta wuce mita uku zuwa huɗu, saboda haka ƴan sahun gaba su fito da farar fuska, na baya su ɓace. Mai ɗaukar hoton ma ba ya ganin abin da yake yi, domin allon mai ɗigo 230,000 yana dushewa a rana, kuma babu ramin leƙawa da zai sa ido.

Jawo abu daga nesa shi ne inda marubucin yake da gaskiya ƙarara. Ninki biyar na Sony da Nikon, da ninki takwas na Canon, jawowa ce ta gilashi, ba faɗaɗa hoto ba irin na ƙaramar waya. Manomin tattasai da ke son nuna yadda ambaliyar Komadugu ta cinye ƙarshen gonarsa zai amfana da ita. Amma farashinta biyu ne. Idan aka jawo har ƙarshe, ƙofar haske tana tsukewa zuwa wajen f/6.4 ko fiye, kuma babu ɗaya cikin ukun da ke da gilashi mai motsi da zai danne rawar hannu, don haka da rana kawai take biya. Na biyu, wannan jawowar ita ce dalilin da ya sa aka yi bututu mai fita da shiga. Abin da aka fi yabon kyamarar da shi, shi ne ƙofar da ajalinta ke shigowa.

Batir mai ciruwa abu ne mai kyau a inda ake sayar da irinsa. Sony tana amfani da NP-BN, Canon tana amfani da NB-11L, kowanne yana ɗaukar hoto wajen 200 a caji ɗaya bisa gwajin masana'anta. A wane shago na Diffa ko Maine-Soroa ake rataye su? Na Canon ma sai an cire shi an sa a cajarsa ta musamman, alhali masu cajin waya da hasken rana igiyoyin waya suke da su. Coolpix A10 ce ke cin batir biyu irin na tocila, kuma ita marubucin ya fi so. Sai dai batirin araha da ake sa wa tocila da rediyo ba ya iya ba da ƙarfin da kyamara ke zuƙa lokaci guda domin tura ido da cika walƙiya. Yakan yi ƴan hotuna ta ce ya ƙare. Tana buƙatar batirin alkalin mai tsada, ko mai caji, wanda shi ma yana son tasa cajar. In aka manta batir a cikinta a lokacin zafi, yana iya tsiyayar da ruwa ya cinye ƙarafan ciki. In kuma aka cire shi ya daɗe a waje, agogon kyamarar yakan koma farko, hotuna su fito da kwanan watan ƙarya. Ga wanda yake son hoto ya zama shaidar cewa an gina aji ko an raba iri a rana kaza, wannan ba ƙaramin aibi ba ne, balle da yake ba ta rubuta wurin da aka ɗauki hoton.

Hoton da aka ɗauka kuma dole ya isa hannun wanda ake so ya gani, a Diffa ko a Yamai, mai nisan fiye da kilomita 1,300. Kyamarorin nan uku ba sa tura hoto ta iska. Sai an ciro katin memori, an nemi kwamfuta, ko a sa shi a ɗan makaranci a jona da waya, sannan a tura ta WhatsApp. Ashe na'urar da aka kawo domin ta maye gurbin waya ba ta gama aikinta sai ta roƙi waya.

Saura maganar in ta lalace a sayi wata. Wace? Ƙungiyar masana'antun kyamara ta Japan, CIPA, ta ƙidaya kyamarori kimanin miliyan 121 da aka fitar a 2010, mafi yawansu irin waɗannan masu ido a manne. Zuwa 2023 masu ido a manne ba su kai miliyan 2 ba. Casio ya bar wannan kasuwa a 2018, sauran manyan kamfanoni kuma suka janye daga ƙananan samfura masu araha. Galibin abin da ya rage a kasuwa shi ne tsohon kaya da ya daɗe a sito batirinsa yana tsufa, da na gwanjo wanda kuɗinsa ya tashi tun da matasan Turai da Amurka suka mayar da tsohuwar kyamara abin yayi, da kuma wasu marasa sunan kamfani da ke iƙirarin megafiksel 44 ko 48 alhali hoto ƙarami suke hurawa ya kumbura. Gyara ma haka. Mai gyaran waya yana kowace babbar kasuwa, kayan gyaran Tecno da Itel kuma suna kwarara daga wurare irin kasuwar Farm Centre ta Kano. Maƙalallen idon kyamara ba a cika gyara shi ba, canja shi ake yi ɗungurungum, kuma kuɗin sabon ido da aikin sa shi kan kusanci kuɗin kyamarar. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A nan ko aiki ba ta daɗe tana yi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta sirri, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Mutanen da suka gudo daga yaƙi suna da dalilin tsoron ganin fuskarsu a Facebook, kuma jihar Diffa ta shiga dokar ta-ɓaci tun watan Fabrairu na 2015, bayan hare-haren Bosso da garin Diffa. Amma kyamarar ba ta da makulli. Duk wanda ya tsince ta, ko ya zare katinta, ya ga komai. Waya tana kulluwa da lambar sirri, kuma wadda ƙungiya ta saya domin aiki kawai ana iya hana ta shafukan zumunta. Abin da ke kare ɗan gudun hijira shi ne a nemi izininsa kafin a ɗauke shi, a kuma san wanda ke riƙe da hoton bayan nan. Wannan ƙa'ida ce ta mutane, babu na'urar da ke zuwa da ita a cikin kwali.

Matsayin wannan martani a fili yake. Kuɗin da za a kashe a kan ƙaramar kyamara mai ido mai fita, domin aiki a Sayam Forage ko a gonakin Komadugu, ya fi kyau a sa shi a matsakaiciyar waya da rigarta da gilashin kariya da ɗan batirin ajiya. Inda aikin ya buƙaci kyamara ta daban, to a sayi wadda aka ƙera domin wahala. Olympus TG-6 ta 2019 misali ce: idonta yana motsi ne a ciki, a bayan rufaffen gilashi, tana da shaidar IP6X ta hana ƙura, tana jure nutsewa mita 15 da faɗuwa daga mita 2.1, tana rubuta wuri, tana kuma tura hoto zuwa waya. Kamfanin Ricoh ma yana da jerin WG a kan irin wannan ƙira. Lokacin da ta fito, kuɗin TG-6 ya ninka na W800 sau huɗu ko biyar, saboda haka guda ɗaya da mutum biyar za su riƙa karɓa-karɓa ta fi guda biyar da hunturu ɗaya zai iya tsayarwa.

Wanda ya riga ya mallaki ƙaramar kyamarar ba sai ya jefar da ita ba, yana iya ja mata kwana. Ajiyarta a leda mai zugewa ya fi sa ta tsirara a aljihun riga, inda rairayi da zaren tufa ke taruwa. Ba a kunna ta ana fuskantar iska, ba a kuma ajiye ta a ƙasa ido a waje. Ƙurar da ta kwanta a bututun ana kaɗe ta da busasshen burushi mai laushi kafin a kashe, domin kada ido ya ja ta ciki. Hurawa da baki yana ƙara mata danshi ne ta manne. Idan ido ya maƙale, tura shi da yatsa yana karya haƙoran da suka rage. Batirin tocila a cire shi in za a yi kwanaki ba a yi aiki ba, a duba kwanan wata duk lokacin da aka mayar da shi, hotuna kuma a kwafe su daga katin memori a ranar da aka ɗauke su.